Rumbun da Ya Bari a Kunne

Mijina ya rasu ya bar kwamfutarsa a kunne. Ban lura ba sai a rana ta huɗu, da na shiga ɗakinsa neman wata takarda da 'yan ofishinsu suka tambaya, na ji tana hura iska a kan tebur kamar yadda ta saba. Fuskarta a kulle take, tana neman lambar sirri. Na tsaya ina kallonta raina na ɓaci. Mutum mai jini a jika, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi, ga tsohuwar kwamfuta da batirinta ya daɗe da lalacewa tana nan tana numfashi abinta.

Rumbu yake kiranta. Shi ma'aikacin gwamnati ne, amma ɗan manomi ne daga Kwadon, kuma har ya mutu bai yarda a bar hatsi a gona ba. A gidanmu na Federal Low-Cost, ɗaki biyu da falo, ya ɗora wani ƙaramin akwati mai ƙaho biyu a kan kabad, rauta, ya haɗa komai da shi ba tare da waya ko ɗaya ta bi bango ba. Duk ranar Asabar sai ya karɓi wayata da tasa, ya juye hotuna da bidiyoyin da muka ɗauka a cikin kwamfutar, sannan ya goge su daga wayoyin, wai don su samu sarari. In kana son kallo sai ka zauna a falo ka ɗauki rimot, talabijin ta nuna maka komai a jere, shekara bayan shekara. Na sha yi masa tsiya cewa albashin malamar makaranta da na ɗan ofis ne ke riƙe da gidan talabijin guda. Sau ɗaya mun yi faɗa sosai da ya goge mini waya ban sani ba. Bayan wata biyu aka zare mini wayar a cikin keke a hanyar babbar kasuwa, ban rasa ko hoto ɗaya ba, ya kuwa yi wata guda yana yi mini gori.

Abu ɗaya na sani game da rumbun nan. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba har inbata, na'urar da ke ajiye mana wuta a batir, ta gaji kwamfutar ta mutu, talabijin sai ta ce ba ta ga komai ba. Haka za ta zauna har sai ya dawo daga aiki ya kunna kwamfutar, ya rubuta wani dogon abu a kan baƙin allo. Ban taɓa tambayarsa me yake rubutawa ba. Wa ke tambayar mutum mabuɗin ɗakinsa alhali yana zaune a ciki?

A ranar ta huɗun nan, bayan masu gaisuwa sun ragu, na kunna talabijin. Komai yana nan. Shekara bakwai na aurenmu, da tafiyarsa, da dariyarsa, da muryar da 'yarmu mai shekara biyu da rabi ba za ta iya tunawa da kanta ba. Amma talabijin nunawa kawai take yi, ba ta bayarwa. Na soka fulashi a jikin kwamfutar don in kwafi hotunan, ko kallona ba ta yi ba. Wayarsa kuwa da yatsansa take buɗewa, kuma ko ta buɗe na san a share take. Wato ƙofa ɗaya ta rage mini, kuma ranar da kwamfutar ta mutu ƙofar ta rufe ke nan.

Na buga wa malamin kwamfuta na makarantarmu. Ya ce kada in kuskura in bari ta mutu. Ya ce akwai yadda za a jawo komai ta rautar zuwa wata kwamfuta, aikin yini ɗaya ne in ya zo da tasa. Ya gwada koya mini in yi da wayata, muka yi ta danna nan danna can har katina ya ƙare, ban iya ba. Ni lissafi nake koyarwa, kuma ranar na gane akwai lissafin da ya fi ƙarfina.

A lokacin na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita sai da lalura. Wadda dangin mijina suka ajiye ta zauna da ni ita ce yayarsa, wadda kowa ke kira Adda. Mace ce doguwa mai tsabta, mai yawan azumi, wadda ta goya shi tun yana jariri, kuma a ganinta wannan goyon ya ba ta iko da duk abin da ya taɓa har da ni. Na kai mata maganar malamin cikin ladabi, na durƙusa har ƙasa. Ta bari na gama tsaf sannan ta amsa.

"Baƙon namiji a ɗakin mamaci, kina cikin takaba, yana buɗe masa kaya ba a raba gado ba? So kike a ce kin ɓoye wani abu? Ki bari a yi arba'in."

Na ce Adda, hotuna ne kawai. Ta ce in hotuna ne ai ba gudu za su yi ba. Na ce to a ɗauki kwamfutar a kai masa, sai na tuna da kaina cewa in aka zare ta daga soket ba ta kai minti goma. Kwamfutar ba ta fita, ni ma ba na fita. Na koma ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza, kuma rabinsa na haushi ne. Na buga wa malamin na ce ya zo washegarin arba'in da sassafe.

Daga nan na zama mai gadin wuta. Lokacin bazara ne, kuma wanda ya san zafin Gombe ya san abin da nake nufi. Inbatar gidan soket biyu kawai take ba wuta, na falo da na ɗakinsa, sai fankoki da ƙwayayen fitila, ga batiranta sun tsufa. Da an ɗauke wuta sai in bi gida ina kashe fanka. Adda ta zauna da mafici tana ambaton Allah da ƙarfi yadda zan ji, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin inda ake gasa mai rai don a raya ƙarfe ba. In inbatar ta fara kuka sai in zaga bayan gida da zanen takabata in ja janareta. Ta ce mai takaba da jan janareta, maƙwabta me za su ce? Na ce maƙwabta su zo su ja mini. Ranar ba ta yi mini magana ba har la'asar. Na samo filasta na naɗe kan wayar kwamfutar da soket ɗin, na manna takarda a sama na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a cire.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don na san halin wutarmu. Sai na koma dabarar talaka. Na tara littattafan ɗalibaina da ban duba ba a kan kujerar tsuguno, na jingina wayata a kansu tana fuskantar talabijin, na riƙa kunna bidiyo ɗaya bayan ɗaya ina ɗauka. Bidiyon awa ɗaya awa ɗaya yake ci. Sai da wuta nake yi, don talabijin na shanye batir, kuma sai babu baƙi. Hoton yana fitowa da layi-layi, wani lokaci har inuwata ana gani a gilashin. Wayar ta cika, na goge sakamakon jarrabawar ɗalibai, na goge hotunan ɗinki da na yi shekara ina tarawa, na aika aka sayo mini memori.

Na fara daga shekarar farko, kamar yadda shi ya jera su. Bidiyon bikinmu ne a sama, da kiɗa da guɗa. Ko minti biyu bai yi ba Adda ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce ashe so nake masu zuwa gaisuwa su ji kalangu daga gidan mutuwa. Ta yi gaskiya, ko da yake ban faɗa mata ba. Na rage sauti har sai da na matso da wayar bakin talabijin. Haka na kalli aurena cikin raɗa, ina zaune a ƙasa da hijabi, ba kwalli ba turare, ina kallon wata yarinya mai ƙiba da fari da ido wadda ba ta san komai ba.

Kwanakin takaba duk kamarsu ɗaya. In na leƙa ta taga ina ganin malaman unguwa suna fita da safe da jakunkuna, keke na tsayawa yana ɗaukarsu, wata ma muna makaranta ɗaya da ita. Ni iyakata bakin ƙofar gida. Daga falo zuwa ɗakinsa taku shida ne, na ƙirga, kuma a yini nakan yi wannan tafiyar fiye da sau ashirin don in ga ko ɗan koren hasken nan yana ci. Ko salla nake kunnena na wurin inbata. Na tsani kwamfutar nan, na tsani rautar da ƙahonninta, har shi kansa na ji haushinsa. Mutumin da ya rubuta ranar da ya canza man mota a bangon gareji ya kasa rubuta mini kalma ɗaya a takarda.

Adda ta yi mako biyu tana wucewa ta gaban talabijin da kai a kauce. Ranar da na kai shekara ta uku, sai ga bidiyon gonarsu ta Kwadon lokacin girbin wake. Mahaifiyarsu, wadda ta rasu a shekarar da ta biyo baya, tana zaune a gindin bishiya tana yi masa faɗa da Fulatanci cewa ya ajiye wayar ya kama aiki. Adda ta tsaya cak da tire a hannu. Ta ajiye tiren a ƙasa, ta zauna kusa da ni, ta ce in mayar da shi baya. Na ce in na mayar ɗaukar za ta lalace. Ta ce in mayar dai. Sau huɗu muka kalle shi.

Tun daga ranar ta zama abokiyar zamana, amma ba ta iya shiru ba. Duk wanda ya gifta a hoto sai ta faɗi ko ɗan wane ne, da wadda ya aura, da abin da ya raba su. Na yi ta nuna mata wayar da yatsa cewa tana ɗaukar murya, ta ce to ta ɗauka mana, ƙarya take yi? Ita da kanta ta fara kashe fanka in an ɗauke wuta. Ganin haka na sake gwada maganar malamin, ina zaton ta yi laushi. Ta ce wannan daban wancan daban, maganar gado ta maza ce, kuma saura kwana nawa ne. Ban ƙara tayarwa ba.

'Yata takan zo ta tsaya a gaban talabijin ta manna tafin hannunta a fuskarsa, ta ce ya fito. In ɗauke ta, ta dawo. Akwai bidiyoyi da yawa da rabinsu ƙeyarta ce.

Ana saura kwana shida arba'in na kai shekarar ƙarshe. Bidiyoyin ba su da yawa, na gama su a yini uku, sai guda ɗaya da ke can ƙasan jerin. Kwanan watan da ke jikinsa Asabar ce, kwana biyu kafin mu kai shi asibiti. Tsawonsa minti huɗu da 'yan daƙiƙu. A ɗan hoton da talabijin ke nunawa a gefe, fuskarsa ce kusa da kyamara, yana zaune a ɗakinsa shi kaɗai da hular da yake sawa a gida, bakinsa a ɗan buɗe kamar ya fara magana. Bai saba ɗaukar kansa ba. Ban san da bidiyon ba, kuma a ranar Asabar ɗin ya riga ya fara cewa kansa na ciwo.

Na kai rimot kansa na tsaya. Na ce bari in sake ɗaukar na ranar sunan 'yata, wancan bai fito da kyau ba. Washegari na ce akwai hayaniya a gidan, masu aikin abincin sadaka sun fara zuwa. Ranar da ta biyo baya akwai wuta tun safe har yamma, gidan shiru, Adda ta tafi cefane da kanta, na zauna da rimot a hannu na fi awa ɗaya, sannan na kashe talabijin. Na gaya wa kaina cewa jibi malamin zai zo ya kwafe shi garau, ba layi-layi, sai in kalla a natse.

Ranar arba'in aka tashi ba wuta. Tun hantsi gida ya cika, maza a rumfa a waje, mata a falo da tsakar gida, ana ta fitar da masa da gumba. Mutanen Kwadon sun zo mota biyu, kuma duk wanda ya zo daga ƙauye ya ga gida mai inbata, abin da ya fara nema bayan gaisuwa shi ne wurin caji. Soket ɗin falo an jona masa wani an jona wa wanin wani, wayoyi sun taru a ƙasa kamar 'yan tsaki. Na kulle ɗakinsa tun asuba na ba Adda mabuɗin, don zanen da na ɗaura ba shi da inda zan sa. Da jakunkunan baƙi suka rasa wurin zama, sai ta buɗe ɗakin aka zuba su a ciki. Ba ta yi da wata manufa ba, kuma ba ta tuna ta sake kullewa ba.

Ni an zaunar da ni a kan tabarma a tsakiyar falo, mahaifiyata a damana, kaina a lulluɓe. Aikina in amsa. Ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, Allah ya jiƙansa, amin. Wajen azahar malamar Islamiyyar unguwarmu ta ce a natsu za a yi addu'a. A daidai lokacin na hangi ƙanwar mahaifinsu, tsohuwar da suke kira Goggo, ta nufi ɗakinsa da 'yar ƙaramar wayarta da caja a hannu. Goggo ba ta karatun boko. Takardar da na manna, a wurinta ado ce. Ta ɗan jima a ciki, ta fito hannu wofi tana murmushin wanda ya samu abin da yake nema, ta samu gefe ta zauna ta ɗaga hannuwa.

Malama ta riga ta fara. Mata fiye da arba'in hannuwa a sama, kuma mijina ake yi wa addu'ar. Na yunƙura zan tashi, mahaifiyata ta dafe cinyata da ƙarfi ba tare da ta kalle ni ba. Adda na can tsakar gida wurin tukwane. Na ce a raina minti goma ne, addu'a ba ta kai minti goma. Amma malamarmu ba ta san gajeriyar addu'a ba. Ta roƙa masa, ta roƙa wa iyayensa, ta roƙa wa marainiyar da ya bari, ta shiga malamai da shugabanni da masu jinya a asibiti da zaman lafiyar ƙasa. Ina cewa amin ina ƙirga daƙiƙu. Sai na ji ɗan kukan da kwamfutar ke yi in batirinta ya zo ƙarshe, siriri, daga bayan bango. Ba wanda ya ji sai ni. Hawaye suka zubo mini, matar da ke hagu ta ce Allah sarki, ta shafa bayana.

Taku shida ne. Ba a ɗaure nake ba, hannun tsohuwa ɗaya ne a kan cinyata. Da na tashi da an yi surutu na mako guda, a ce matar wane ta tashi ana tsakar yi wa mijinta addu'a ta tafi duba na'ura, daga nan a manta. Na san haka a lokacin ma. Kunya ta riƙe ni, na zauna har aka shafa.

Da na shiga ɗakin shiru ne. Filastar na ƙasa a murɗe, wayar Goggo na soket tana shan caji. Na zare cajar, na mayar da wayar kwamfutar, na danna. Baƙin allon ya fito da ɗan layinsa yana ƙyaftawa. Ban yi wa Goggo magana ba, har yau ba ta san abin da ya faru ba. Da za ta tafi ma sai da ta sa mini albarka, ta ce wayarta ta cika taf.

Malamin ya zo washegari kamar yadda muka yi, ƙanin mijina na tsaye a kansa. Ya duba ya ce maigidan ya kulle ta tun daga tushe, in ba da kalmar sirrin ba ko an ciro cikinta ba abin da za a karanta. Zai iya wanke ta ta koma sabuwa in muna so. Na ce a bar ta. Muka gwada ranar haihuwarsa, da sunan 'yarmu, da sunana, da lambar motarsa, da sunan gonar. Adda ta kawo sunan da mahaifiyarsu ke kiransa da shi yana yaro, wanda ni ma ban taɓa ji ba. Babu wanda ya buɗe.

Saura wata uku na takaba a lokacin. Na daina jan janareta, fanka ta yi ta juyawa, ban kuma san abin da zan yi da ƙafafuna ba. Abin da ke hannuna shi ne na wayata, mai layi-layi, da muryar Adda a kai tana faɗin asalin kowa.

Ita ce ta tayar da maganar, wata ranar da yamma muna tsince shinkafa a tsakar gida. Ashe ta ga hoton nan na ƙasan jeri, ta kuma lura da yadda nake tsallake shi. Ba ta ɗago kai ba ta tambaye ni ko na ɗauki na ƙarshen, wanda yake sanye da hular gida. Na ce ban ɗauka ba. Ta ce amma dai na kalla. Na ce ban kalla ba.

"Kwana shida yana gabanki. Me ya hana ki?"

Na so in ce hayaniya, na so in ce ita ce ta hana malamin zuwa, ita ce ta buɗe ɗakin. Duk suna bakina, kuma da wata rana ce da na faɗa. Sai na ji na gaji da faɗa.

"Adda, muddin ban buɗe ba, akwai sauran maganar da bai gaya mini ba tukuna. In na kalla, ya gama ke nan."

Ta zare hannunta daga cikin shinkafar. Sannan ta jawo tiren gabana ta haɗa da nata, ta ce in je in kwanta, za ta ƙarasa.